Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Nake Shirya Bayan Fage Kafin Bikin Wasan Kwaikwayo

Wata takarda guda ce ta mayar da ni ɗan bayan fage. Shekarata ta farko ke nan a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu a Zariya, aka gayyace mu bikin ƙungiyoyin matasa a filin wata makarantar firamare, cikin hunturu. Wasanmu labarin wani manomi ne da aka sa ya dangwala yatsa a takarda, ashe gonarsa ya sayar bai sani ba. Duk wasan a kan takardar nan ya rataya. Da aka zo gaban alƙali, wanda ya sayi gonar ya sa hannu a aljihun babbar riga zai zaro ta, sai ya ji wayam. Ya lalube na dama, ya lalube na hagu. Ni kuwa ina tsaye bayan labule, takardar tana cikin aljihun wandona, domin ni aka ba ajiyarta tun da rana. Allah ya sa wanda ya fito a alƙali tsohon hannu ne, nan take ya ce, "Ɗan doka, raka shi gida ya ɗauko." Suka fito, na miƙa musu hannuna yana rawa, suka koma. 'Yan kallo ba su gane komai ba. Washegari shugaban ƙungiya ya kira ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini littafin rubutu da fensir, ya ce, "Ƙanena, daga yau duk abin da zai hau dandamali ya fara hawa nan."

Tun daga ranar aikina ke nan. Idan an gayyaci ƙungiyarku biki, kuma kai aka ɗora wa kula da abin da 'yan kallo ba sa gani, ga yadda nake bi. Mako shida kafin ranar nake farawa.

Da zarar takardar gayyata ta iso, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, je ka ga wurin da idonka, kuma ka je a daidai lokacin da za ku yi wasan. Filin da ka gani da hantsi, wani fili ne daban bayan la'asar. Ka tafi da tef ɗin awo, ka auna faɗin fagen da zurfinsa. Ka auna ƙofar da za a shigo da kaya, don na taɓa ganin wata ƙungiya ta ƙera bango mai kyau a gida, aka zo ƙofar zauren ya ƙi shiga, sai da aka sa masa zarto. Ka tsaya shiru na minti biyar ka saurara: akwai injin niƙa a kusa? Titi fa? Ta ina iska take kaɗowa? Idan wasan yamma ne a fili, ka roƙi a zaunar da 'yan kallo su ba rana baya, haskenta ya sauka a kan 'yan wasa. In aka juya, jama'a za su wuni suna kare ido da hannu, 'yan wasanku kuma su zama inuwa.

Sannan ka zauna da masu shirya bikin ka yi musu tambayoyi har su gaji da kai. Minti nawa aka ba kowace ƙungiya? Minti nawa na jera kaya, nawa na kwashewa? Wa zai hau kafin ku, wa zai biyo bayanku? Wa zai kawo janareta da lasifika? Za a bar ku ku yi gwaji a wurin ko da sau ɗaya? Ka rubuta amsa tare da sunan wanda ya ba ka ita. Ka kuma lissafa lokacin salla da kanka. A nan Zariya cikin Disamba ana kiran magariba jim kaɗan bayan ƙarfe shida, don haka wasan da aka fara biyar da rabi dole ya tsinke a tsakiya. Ko dai a gama kafin magariba, ko a fara bayan isha'i, kuma a kashe lasifika da zarar ladan ya ɗaga murya.

Idan ku ne masu masaukin baƙi, gaisuwa tana gaba da komai. Ku je wurin mai unguwa da ƙafarku, ku durƙusa ku ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da yaranka suke so su yi," ku ba shi labarin wasan a taƙaice, shi zai nuna muku ko sai an kai maganar gaba. Ku kai takarda ofishin 'yan sanda, musamman in a cikin wasan akwai mai sa kaki ko riƙe bindigar katako. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wanda zai yi wasa a can ya je ya tambayi abin da ake bukata tun da wuri. 'Yan matan da ke cikin wasa kuwa, gidajensu za a bi ɗaya bayan ɗaya a nemi yardar iyaye. Mu muna da wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, ita take zuwa da kanta, ita take zama da su a ɗakin canza kaya, kuma ba ta tafiya gida sai ta ga kowace ta shiga nasu.

Yanzu littafin. Ka samu babban littafi, ka manna shafukan wasan a gefe ɗaya, ɗaya gefen ka bar shi fari. In wasanku ba rubutacce ba ne, kamar yadda yawancin namu suke, sai ka rubuta jerin fitowa-fitowa: wa ke ciki, me ya faru, da wace magana aka rufe. Ka halarci kowane gwaji, ka zauna kusa da darakta, duk abin da ya yanke ka sa a farin shafin: wane ya shigo ta dama riƙe da buta, wance ta fita ta hagu ta bar tire a ƙasa. Da fensir za ka rubuta, domin darakta zai canza ra'ayi sau goma. Ranar da ɗan wasa ya ce "ai jiya ta nan na shigo," littafin ne zai raba gardama. Kuma ka rubuta yadda wani zai iya karantawa. Zazzaɓi ba ya neman izini, in ya kwantar da kai ranar biki, dole wani ya buɗe littafin ya gudanar da wasan.

Kada ka ce kai kaɗai za ka yi. Mutum huɗu nake nema kowace shekara: mai kayan hannu (ƙananan abubuwan da 'yan wasa ke riƙewa a fage), mai tufafi, mai wuta, mai sauti. Yawanci daga cikin yaran da suka zo neman fitowa ba su samu gurbi ba nake zaɓa, kuma ina gaya musu gaskiya cewa ba wanda zai tafa musu. Wanda ya tsaya bayan ya ji haka, shi ne nawa.

Game da gina fage, ra'ayina ya sha bamban da na wasu abokan aikina. Suna son a zana gida sukutum da taga da labule da hoton bango. Ni ina ganin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tabarma da buta da tasbaha sun isa su ce zauren malam ne. Tebur da tuta sun isa ofis. Turmi da taɓarya da zana guda, an shiga tsakar gida. Wanda yake shakka ya je Samaru ya ga dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya. Malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na jami'ar sun riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna wasa da manoma a gindin bishiya, ba labule ba fitila, kuma saƙo ya isa. A biki ma dalilin ya fi ƙarfi, tunda minti goma za a ba ka ka jera kaya. Abin da mutum biyu ba za su iya ɗauka da gudu ba, a bar shi a gida.

In dai sai an yi bango, ga wanda ya fi sauƙi. Kafinta ya haɗa maka firam biyu na siririn katako, kowanne tsawon ƙafa takwas, faɗin ƙafa huɗu. A ja yadin akoko ko alawayyo a kai ya ɗame, a buga, a haɗa firam ɗin biyu da hinji su riƙa buɗewa kamar littafi. Haka zai tsaya da kansa, ya kuma naɗe ya shiga bayan a-kori-kura. Fentin ruwa za a shafa, domin fentin mai yana ƙyalli, yana mayar da hasken fitila cikin idon jama'a. Fuska ɗaya a yi launin jar ƙasa, ɗaya a yi launin ofis, kun samu wuri biyu da kuɗin ɗaya. Sai dai ka ji tsoron iskar hunturu. Yadin da aka ɗame, iska tana tura shi kamar hannun ƙato. A yi masa tokara ta baya, a danne ƙafarsa da buhunan yashi, biyu ga kowane firam. Ka sa yaro ya tura shi da kafaɗa a gabanka, in ya motsa a ƙara buhu.

Kayan hannu su ne suka fi ɓata, don ƙanana ne. Ka ajiye tebur a bayan fage, ka shimfiɗa takardar kwali, ka ɗora kowane abu ka zagaye shi da alli ka rubuta sunansa: wasiƙa, sanda, ƙwarya, carbi, kuɗin wasa. Da kallo ɗaya za ka ga zanen da ba komai a cikinsa. Ɗan wasa ya ɗauka daga nan, ya mayar nan, ba a yarda kowa ya sa a aljihu ya tafi da shi ba. Duk abin da wasa ba zai yiwu ba sai da shi, a yi guda biyu. Wuƙa da adda na katako za a sassaƙa a shafa fentin azurfa. Ƙarfe mai kaifi ba ya hawa fagena ko da an daƙushe shi, domin mutum in wasa ya ɗebe shi bai san ƙarfin hannunsa ba. Tukunyar da za a fasa a fage, a tanadi uku: ɗaya ta gwaji, ɗaya ta ranar, ɗaya ta ko-ta-kwana, kuma a sa mai tsintsiya ya share kafin masu tafiya ba takalmi su shigo.

Tufafi yawanci aro ne, kuma a nan ƙungiyoyi suke zubar da mutuncinsu. Ka rubuta wa ya ba da me, da halin da kayan yake ciki ranar karɓa. Babbar rigar da aka aro daga wurin dattijo, a wanke, a kai wa mabugi, a mayar cikin kwana uku. Kowane ɗan wasa ya samu jakarsa da sunansa a jiki. Rawani ba a naɗa shi cikin gaggawa, don haka in mai fitowa a hakimi yana da wata fitowar kafin nan, a naɗa rawanin a kan hula tun a gida, a kama shi da zare da allura, sai dai a kifa masa. Furfura hoda ce ko farar ƙasa. Tamoji kuwa gawayi ne, a ja siririn layi a goga da yatsa. Gemu a ɗinka auduga a kan ƙyalle, a sa masa zaren roba ya rataya a kunne. Kada ka bari kowa ya kusanci fuska da gam mai kamawa nan take. Wanda yake son koyon wannan fanni ya tsaya ya kalli yaran tashe in azumi ya kai kwana goma, ya ga yadda suke fitar da tsoho tukuf daga tsumma da auduga da sanda.

Wuta ita ce inda na fi daɗewa, don ita ce take iya kashe wasa, kuma ita ce take iya kashe mutum. Kada ka dogara da wutar NEPA ko da an rantse maka. Ka ɗauki takarda ka tara watt ɗin duk abin da za a jona, an rubuta shi a jikin kowane kaya. Tsohuwar fitilar halojin guda tana cin watt 500, huɗu sun cinye 2000, wato kusan duk abin da janareta mai kVA 2.5 zai iya bayarwa, tun ba a jona na'urar sauti ba. Fitilar LED mai watt 50 kuwa, shida ma watt 300 ne kacal, kuma ba ta zafin da zai kama yadi. Ni ba na ɗora wa janareta fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Ka kuma sa ido a kan soket, domin da zarar mutane sun ga wuta za su fara jero wayoyinsu, wani ma ya kawo hita.

Janareta a waje yake zama, nesa da fage, bayan katanga in akwai, saboda ƙara. Wani zai ba ka shawarar a sa shi cikin aji a rufe ƙofa don a rage ƙarar. Kada ka yarda. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashewa cikin ɗaki rufaffe. A cika tanki kafin a fara, ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi, jarkar kuma a ajiye ta can gefe. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi da tocila da bokitin yashi daga farko har ƙarshe, ba shi da wani aiki. Wayar da ke naɗe a kan dabaranta a warware ta duka, don in tana naɗe tana ɗaukar zafi. Duk inda waya ta ratsa hanyar mutane a rufe ta da tabarma ko a ɗaga ta sama, duk mahaɗa a naɗe ta da tef ɗin lantarki, a ɗauke ta daga ƙasa. Haɗa wayoyin kansu aikin mai gyaran wuta ne. Ka kira shi, ka tsaya kusa da shi kana kallo kana tambaya, haka na koya.

Wajen kafa fitilu, kuskuren da kowa ke fara yi shi ne rataya ƙwai ɗaya a saman kan 'yan wasa. Sai idanu su zama ramuka, mai hula ko rawani kuma fuskarsa ta ɓace gaba ɗaya. Ka kafa dogayen sanduna biyu a gaban fage, ɗaya dama ɗaya hagu, fitilun su fi kan mutum tsawo sosai, su sunkuyo su haɗu a tsakiya. Ka sa yaro mai hula ya zagaya fagen a hankali, kai kana zaune a bencin ƙarshe. Inda fuskarsa ta yi duhu, a gyara fitila ko a gaya wa darakta kada kowa ya tsaya a nan. A bayan fage ƙaramar fitila guda ta isa, a rufe ta da shuɗin ƙyalle nesa da ƙwan, don a ga hanya ba tare da haske ya tsallaka ba.

Sauti dokarsa kaɗan ce. Lasifika ta kasance gaba da makirufo, tana fuskantar jama'a. In ɗan wasa ya shiga gabanta da makirufo, za ta yi kukan nan mai tsaga kunne. Wayar makirufo kada ta kwanta jikin wayar wuta, tana jawo gurnani. Batir sabo ranar wasa, wani sabon kuma a aljihun mai sauti. Kiɗa da ƙarar mota da kukan zakara a sauke su cikin waya guda, a jera su bi da bi, a sa wayar a yanayin jirgin sama. Na ji wasan da ana tsakiyar zaman makoki kira ya shigo ta lasifika, jama'a suka kwashe da dariya, 'yan wasan ba su sake kamo su ba har aka tashi. In fili ƙarami ne, ni na fi son a bar makirufo a koya wa 'yan wasa ɗaga murya, a samu makaɗi da kalangu ya riƙa raba fitowa da fitowa.

Duk canjin wuta ko sauti ka ba shi lamba a littafinka, daidai kan kalmar da zai faru. Kalma biyu nake amfani da su. In saura layi uku, na ce, "Wuta ta biyar, shirya." In lokacin ya yi, na ce, "Tafi." Mai wuta ba ya taɓa makunni sai ya ji "tafi," ko da ya haddace wasan. In kuna nesa da juna, ku haɗa kira ta waya kowa da abin ji a kunne, ku kuma shirya alamar tocila don ranar da layi zai yanke.

Mako na ƙarshe a yi gwaji biyu na musamman. Na farko na 'yan bayan fage ne zalla: a jera kaya, a kwashe, a sake jerawa, kana riƙe da agogo, har kowa ya san abin da zai ɗauka da inda zai dire. Ka yi wa mazaunin kowane kaya alama a ƙasa da tef ko alli. Mu mun taɓa farawa daga minti goma sha takwas muka sauko zuwa bakwai cikin yamma ɗaya. Na biyu cikakken wasa ne, da tufafi da kwalliya da wuta, a lokacin da za a yi na gaske, ba tsayawa ko me ya faru. Ana cikin yi sai in sa a kashe janareta ba tare da na gaya wa kowa ba, in ga me za su yi. Abin da muka saba yanzu shi ne makaɗi ya ɗauki kiɗa, masu tocila huɗu su haska fage daga gaba, 'yan wasa su ci gaba.

Ranar biki ka riga kowa zuwa. A jakata akwai guduma, ƙusoshi, filaya, almakashi, igiya, tef, allura da zare, fil, alli, tocila biyu, auduga da filasta. A tanadi ruwan sha, a ciyar da mutane awa biyu kafin a hau. Ka nemi ɗan bayan fagen ƙungiyar da za ta riga ku, ku gaisa, ku yarda ta wace ƙofa za su fitar da kayansu, ta wace za ku shigo da naku. In sun rasa igiya ka ba su. Saura rabin awa ka kira sunan kowa, ka bi teburin kayan hannu da yatsa zane bayan zane, ka karɓe wayoyin 'yan wasa ka zuba a jaka guda. Daga nan darakta ya je ya zauna cikin jama'a, fage ya dawo hannunka.

Ana gama tafi, 'yan wasa za su ruga gaisawa da 'yan'uwa da tufafin aro a jikinsu. Ka tsaya a ƙofa, kowa ya tuɓe ya sa a jakarsa kafin ya fita. A kashe fitilu su huce kafin a sauke, janareta shi ne na ƙarshe. A zare duk ƙusar da aka buga, a share filin, a mayar da bencina ajin da aka ɗauko su, ka kira maigadin makarantar ka ce, "Baba, zo ka duba ko mun bar wani abu ba daidai ba." Kafin ka kwanta, ka buɗe shafin ƙarshe na littafin ka rubuta abin da ya lalace da abin da ya ƙare. A nawa na bara an rubuta: hinji ɗaya ya karye, a ƙara buhun yashi biyu, rawanin hakimi yana wurin mabugi, a karɓo ranar Talata.